Satifiket a Cikin Fata

Shekara biyu ina aikin nas a babban asibitin Birnin Kudu, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati tana neman waɗanda za ta tura ƙaro ilimi. Babbar sistarmu ta kira ni ofis ta ce in zaɓa: ko kwas ɗin unguwarzoma a Kano, shekara ɗaya in dawo, ko jami'a can kudu, shekara uku, in fito da digiri. Na ce digiri. Ta ce to, in kawo satifiket ɗina na nas kafin Litinin, na ainihi, ba kwafi ba.

Satifiket ɗin kuwa yana Basirka, wajen Inna, tun ranar da aka ba ni na ce ta adana mini, rayuwata ce.

Ran Asabar na hau motar Gwaram, duk hanya ina wasiwasi. Inna ba ta son zancen zuwa kudu, ta sha faɗa. Ina isa na gaya mata abin da ya kawo ni, ko ruwa ban sha ba na buɗe adakarta. Zannuwa, turare, tsohon kati na awo. Babu. Na kwance jeren kwanonta ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ko kallo ban ishe ta ba.

Ni da ma ba haƙuri ne da ni ba. Na ce, "Inna, don Allah idan ɓoyewa kika yi don kada in tafi, ki faɗa mini!" Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ta karkaɗe zaninta, ta sa hannu a wuyanta ta ciro wata jar laya da na sha gani a jikinta. Ashe gara ta ji wa tsoro, ta kai wa baduku ya ninke takardar ya ɗinke ta da fata. Shekara biyu tana wuyanta.

Wayyo Allah! Zufa fa? Ruwan sama fa? Na kasa taɓawa. Ita ta ɗauko reza ta bi ɗinkin a hankali. Takardar ta yi jirwaye, duk ta karye a ninki, amma hatimin yana nan, sunana yana karantuwa.

Ta shimfiɗe ta a cinyarta tana gogewa da tafin hannu. Ta ce, "Cewa kika yi rayuwarki ce, shi ya sa na rataya ta. Ungo. Kudun kwana nawa ne a mota?"