Ɗan Tsohuwa

Ni 'yar fari ce, kuma har na shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Kowa ya ce kunya ce, ni kuwa haushi kawai nake ji, don ban ga abin kunya a haihuwata ba.

A shekarun nan da damina ta yi ta cin amanar mutane, wata ƙungiyar kula da lafiyar karkara ta nemi ɗalibai masu jin Hausa su je aikin sa kai a Nijar lokacin hutu. Babana ya yarda ne kawai don ƙaninsa na kasuwanci a Zinder. Kawun nawa da ya tare ni a tasha ya ce to, ga 'yar fari ta zo kallon fari. Na yi dariya, kuma ban tuna na sake yin wata ba sai da na koma gida.

Aka kai ni wani ƙauye a yankin Droum tare da wata ma'aikaciyar jinya Bafaranshiya, wadda kowa ke ce wa Madam. Asibitin namu rumfar zana ce da manyan tukwane. Rumbunan ƙauyen babu ko zangarniya, mata na tona gidan tururuwa don tsabar da ke ciki, wasu na jiƙa anza mai ɗacin tsiya. Ƙa'idarmu ita ce yaro mai tamowa a ba shi kunun madara, uwa mai shayarwa kuma a ba ta kwanonta ko nono ya dawo. Wadda ba uwa ba ce ba ta da kwano, don abincin ba zai kai ba. Yunwa ta sa wasu suna aro 'ya'yan maƙwabta, shi ya sa Madam ta ce duk wadda ta ce ita uwa ce ta zauna ta ba da nono a gani.

Wata safiya wata tsohuwa ta zo da jariri a goye, duk ya zama ƙashi, kukan ma ba ya fita. Bayanta wata matashiya ce riƙe da gorar ruwa. Na tambayi matashiyar ko ɗanta ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na tsohuwa ne."

Ban buƙaci bayani ba, da wannan sunkuyon aka raine ni. Ɗan farinta ne, tsohuwar surukarta ce, mijin ya tafi cin rani Najeriya tun bara babu labari. Na yi wa Madam bayani da guntun Turancin da muke haɗuwa a kai. Ta ce ta ji, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Matashiyar kuwa ta ƙi zama. Ba za ta ɗauki ɗan fari ta sa a nono gaban surukarta da taron mata ba. Tsohuwar da kanta ta ce, "Ɗiyata, zauna ki ba shi, na yafe miki kunyar." Ko motsi ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci, na ce mata, "Kunyar za ki ba shi ya tsotsa?" Rabin faɗan nata ne, rabin na wata mata da ke Kano.

Daga baya na ja ta bayan rumfa, na kare ta da zanena, na kira Madam ita kaɗai. Matashiyar ta karɓi yaron. Ya kama, ya ja, babu komai. Aka ba ta kwano.

Tun daga ranar ta ɗora wa kanta wankin tukwanenmu, ba wanda ya sa ta. Tsohuwa ce ke zama da yaron a rumfa, tana ɗura masa kunu da cokali yana dawo da shi. Ita uwar ba ta leƙowa. Madam ta ce ba ta taɓa ganin mace mai taurin zuciya haka ba. Ni dai na lura kullum a jikin zanar da yaron ke kwance take jibge tukwanen, ko da rana ta dawo wajen, kuma da ya yi tari sai ƙarar gogar tukunya ta tsaya.

Gudawa ta shiga masa. Muka yi ta ruwan gishiri da sukari, na yi ta lallashin cikin da ya riga ya gaji. Nonon ya fara dawowa kaɗan, ta gaya mini a kunne kamar mai faɗin laifi, amma yaron ba shi da ƙarfin ja kuma. Wata rana da hantsi yaron ya cika, a cinyar kakarsa.

Maza biyu da suka rage a unguwarsu suka ɗauke shi a guntun ƙyalle. Mata suka kewaye tsohuwa suna yi mata gaisuwa, ita ce mai rashi. Babu wadda ta je bayan zana. Ni na je, na tarar tana goge tukunya ta ƙarshe, gaban rigarta jiƙe da nono. Na tsuguna kusa da ita. Baƙin ciki ya cika ni, da haushin kowa, har da Madam, har da sama da ta ƙi yin hadari.

Ta kife tukunyar, ta ɗauraye kwanonta ciki da waje, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malama, ga kwanonku," ta ce. "A ba mai ɗa."

Na ce ta riƙe, ita ma tana buƙata, ni zan yi wa Madam magana. Ta girgiza kai, ta ajiye shi a gabana, ta ɗauki gorarta ta bi bayan tsohuwa.

Da na koma Kano mahaifiyata ba ta fito tarona ba. Ina tsakar gida ina kwance kaya na ji ta daga ɗaki tana ce wa ƙanwata yarinyar nan ta rame, a ƙara mata tuwo.