Dodannin Roba a Gindin Tsamiya

Hindou ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun tana yarinya a Djougou uwarta ke cewa ko tuwo a tsaye take ci. Da gwamnatin juyin juya hali ta buɗe azuzuwan ƙananan yara, aka ba ta guda a Guéma, cikin Parakou. Yara ashirin da uku, tabarma huɗu, ko alli babu.

Wanta Iliassou, direban babbar mota, shi ya kawo mata dabbobin roba shida daga Najeriya, masu dogon wuya da haƙora, irin waɗanda aka ce sun ƙare tun kafin a yi mutane. Yara suka sa musu suna dodanni. Hindou ta kwaɓa jan ƙasa da farar ƙasa, ta jiƙa shuni, ta shimfiɗa takardar buhun siminti. Yaro ya tsoma dodo a kwaɓin, ya taka shi a takarda, sawu ya fito raɗau. Kafin azahar yara sun yi caɓa-caɓa, uwa ma sai ta duba da kyau ta gane ɗanta. Mata na mitar wanki, amma har yara masu nauyin baki sun fara ƙirga sawu da ƙarfi. Ajin nan shi ne ran Hindou.

Garajenta ne ya ja mata. Wata Juma'a tana saurin tarar motar Djougou, ta jera dodannin a gindin tsamiya ba wanki, ja da fari caɓa-caɓa, ga ƙwaryar kwaɓi a gefe. A shekarun nan kuwa gwamnati na farautar matsafa, har itatuwan da ake zargin na tsafi ne ake sarewa. Duk wanda ya wuce, gumaka ya gani an yi musu yanka.

Ran Litinin ta tarar da Saley, wakilin unguwa, a bakin ƙofa.

"Kamarad Hindou, jinin mene ne wannan?"

"Jan ƙasa ne, Malam Saley. Lasa ka ji."

"Na sani, ai 'yata na ajinki," in ji shi. "Amma magana ta riga ta kai sama. Ki ƙone su gaban jama'a, ki ce kin tuba, a bar miki aji."

Kwana uku tana safa da marwa, ba ta ci ba, ba ta zauna ba. Ƙona roba ba komai ba ne. Amma ta tsaya gaban yaran nan ta ce wasan da suka yi tare tsafi ne? Bakinta ya ƙi. Aka mayar da ita aiki ƙauyen Bariénou, aka ba wata malama ajin.

Ranar tafiya ta biyo ta Guéma da kayanta a kai, ta leƙa ta tagar ajin. Yara ashirin da uku na zaune a layi, hannu a harɗe, tsit. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigon datti babu a jikin kowa. Nan kuka ya ƙwace mata.