Ranar da Yaya ya daka wa Baba tsawa

Shekarun da kuɗin mai suka cika Libreville, sojojin sama suka sayo sababbin jirage, suka ɗebi samari. Yayana, haifaffen nan, ya shiga cikin masu tsayawa a ƙasa suna yi wa jirgi jagora da hannu. Kafin a ba su jirgin gaske, sai a yi gwaji: hafsa ya zauna a mota a matsayin direban jirgi, ya nufi gangunan mai da gangan, a ga ko na ƙasa zai tsayar da shi.

Yaya ya faɗi gwajin. Hannunsa ya iya komai, amma hafsan mai furfura ne, shi kuwa a gidanmu ba a kallon babba a ido, balle a ɗaga masa murya. Aka ce in ya sake faɗuwa, ya koma shagon Baba a kasuwar Mont-Bouët.

Ya dawo yana ta jan tsaki. Ni ba na iya zaman jimami.

"Tashi, Yaya. Baba ne jirgi."

"Ke, kina da hankali kuwa?"

Baba kuwa har ya naɗe babbar riga ya kama baro. Na ajiye tukunyar manjan Inna a tsakar gida, na ce ita ce tankin mai. Inna ta ce in ta fashe, sai ta fasa kaina.

Baba ya taho yana ƙugi kamar inji. Yaya ya sunkuyar da kai: "Baba, don Allah, in ba damuwa..." Baro ya daki tukunya, manja ya fallatsa.

"Mun ƙone duka," na ce. "Sake!"

Muka sake. Wannan karon na ɗauke tukunyar, na zauna a gurbinta na rufe ido. Na ji tayar baro tana matsowa, Baba bai rage gudu ba.

"TSAYA!"

Har kajin maƙwabta suka watse. Na buɗe ido, baro dab da gwiwata, Yaya ya giciye hannu sama, idonsa cikin na Baba. Sai ya tuna, ya durƙusa zai ba da haƙuri. Baba yana dariya har da hawaye.

"Tashi, soja. Haka za ka yi wa mai furfurar nan."

Haka ya yi masa, ya kuma ci. Baba ya bi kasuwa shago shago yana ba da labari: ɗansa ya daka masa tsawa. Ni Inna ta sa na kankare manjan.