Akushin Sallama

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa a Katsina murna yake yi, ban da ni. Maɗaba'ar da mahaifina ya bar mini a Ƙofar Guga da aikin ofisoshin gwamnati take rayuwa, sai ga shi aikin ya koma hannun 'yan jam'iyya. 'Yan siyasa kuma fasta mai launi suke so, irin ta kwamfuta. Mu kuwa har lokacin haruffan dalma muke jerawa da hannu.

Dole in sayi kwamfuta in ɗauki mai sarrafa ta, dole kuma in sallami mai jera haruffa. Shi ne dattijon da ya koya mini sana'ar, Baba nake ce masa. Mahaifina yana jinyar ajali ya riƙe hannuna ya ce, "Ga amanarshi nan." Tsoro nake ji ƙwarai: in na riƙe shi, mu rufe, magidanta tara su rasa abinci, in na sallame shi, me zan ce wa mahaifina gobe kiyama?

Mahaifina yana da wata al'ada da duk ma'aikata suka sani. Ba ya sallamar mutum a tsaye. Sai ya sa a kawo tuwo daga gida cikin wani baƙin akushi, su ci tare, sannan ya faɗa masa.

Ranar wata Laraba na aika aka kawo akushin. Ana shigowa da shi injuna suka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, bismilla."

Ya wanke hannu ya zauna. Ni, jarumin banza, sai na shiga kewaye-kewaye. Na yi zancen damina, na yi zancen tsadar takarda, har tuwo ya ƙare ban faɗa masa ba. A raina har na fara cewa a bar shi sai wani watan.

Baba ya suɗe hannunsa tsaf, ya wanke, ya ciro mabuɗin shago daga aljihu ya ajiye gefen akushin.

"Ɗan Alhaji," in ji shi, "mahaihinka bai taɓa bari tuwo ya ƙare bai hwaɗi ba. Barin mutum ya ƙoshi da sa rai ba tausai ba ne."

"Baba, amana ce aka ba ni."

"Ni ma an ba ni taka, tun kahin a ba ka tawa. In wurin ga ya mutu saboda ni, mi zan ce mashi?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Maɗaba'a ta rayu. Amma har yau in na ce wa ma'aikaci ya zo mu ci abinci, sai ya ce ya ƙoshi.