Ƙugiyoyin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana koyar da Hausa a firamare, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa ya san laƙabinsa, Mai-ƙugiya. Ka rubuta masa "kasa" a wurin "ƙasa", sai ya tsayar da kai gaban allo ya ce, "To, maciji muke takawa ke nan?" Ni 'yarsa ma ban tsira ba. Wasiƙar da na aiko masa daga makarantar kwana, da jan biro ta dawo mini.

Da ya yi ritaya sai ya rubuta littafi guda, shafi sittin da huɗu, na koya wa yara inda ƙugiya take hawa a kan k da d da b. Kamfanoni biyu suka ce ba zai yi kasuwa ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya ce shi zai buga abinsa. Sauri yake yi, don likita ya gaya masa idonsa ba zai kai baɗi ba, shi kuwa so yake littafin ya shiga hannun yara yana gani.

Na raka shi wurin mai buga littattafai, wani shago a ƙarƙashin bene, ga zafi ga warin tawada. Mutumin ya miƙo kwafin gwaji ya ce a duba kafin a kunna inji. Baba ya kai takardar har kan hancinsa, ya juya shafi uku, ya nemi biro.

Na ce, "Baba, kawo in duba maka."

Ya ce, "Ni za ki duba wa rubutu? Yaushe aka haife ki?"

Na ƙyale shi, ya sa hannu. Wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Kwali biyar aka sauke mana a falo. Ina buɗe na farko na ga ɓarna. Ashe kwamfutar shagon ba ta san haruffanmu ba, duk ta aske ƙugiyoyin. Ɗaki ya koma daki, ɓera ya koma bera, tun daga bango har shafin ƙarshe. Na koma shagon na zazzaga wa mutumin masifa, ya zaro takardar ya nuna mini sa hannun Baba. Haka na juyo gida.

Da na gaya wa Baba bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana shafa bangon littafin, sannan ya ce a sayo masa baƙin biro. Kullum da hantsi sai ya ja kujera bakin taga ya duƙufa, yana ɗora wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Ya hana kowa taya shi. Wata huɗu ya yi a haka, ya gama kwafi arba'in, sannan idon ya rufe gaba ɗaya.

Ya ce in kai arba'in ɗin tsohuwar makarantarsa. A mota na buɗe su. Goman farko lafiya lau. Daga nan ƙugiyoyin suka fara zamewa, wata a kan a, wata a kan m, na ƙarshen kuwa duk a farar takarda suka sauka, ba harafin da suka taɓa. Na yi kuka har direba ya waiwayo. Goma na miƙa wa hedimasta, talatin na tura ƙarƙashin gadona.

Da na dawo ya ce, "Sun karɓa duka?"

Na ce, "Duka, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ko ba komai yara arba'in sun tsira."