Malama Maimunatu, Wadda Ta Koya wa 'Ya'yanmu Sauraron Zuciya

Hantsi bai taɓa riskar Malama Maimunatu a gida ba. Kafin 'yan kabu-kabu su cika bakin kwalta a Dogon Dutsi, ta riga ta shiga asibiti, ta tara ɗaliban jinya da aka turo mata koyon aiki, ta sa kowa ya kama wuyan hannun ɗan'uwansa. Sai ta ce su zagaya fili da gudu, su dawo su sake kamawa. Suna haki, tana dariya, tana tambaya: "To, wa ya aiki zuciya ta yi sauri?"

A wannan wata take ajiye aiki. Magabatanmu ba sa barin ma'aikacin kirki ya sauka shiru, kuma ba a kanmu za a fara ba.

Darasinta shi ne ciwon jini da aikin zuciya, darasin da ɗalibai suka fi tsoro. Ita kuwa da rijiya take koyar da shi. Takan ce zuciya mace ce a bakin rijiya, jini kuma guganta. Idan jini ya tsinke, guga ya ƙanƙance, dole mai ja ta ninka ja kafin gida ya sha. Tun tana iyawa har ta gaji. Wanda ya ƙara mata kaya a wannan hali, shi ya kayar da ita.

Waɗanda suka shaida sun ba mu labarin wata ranar kasuwa. An kawo Habiba, mai jego, daga wata ruga ta wajen Sukukutane. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi na neman gagararta. Mijinta Amadu ya tsaya a kan ɗalibi Mus'ab.

"Malam, mi kaka jira? Sa mata ruwa mana! Don ruwan munka taho."

Kowa ya san halinmu: idan ba a rataya wa majinyaci robar ƙarin ruwa ba, gani muke ba a yi masa komai ba. Mus'ab ya buɗe tafin hannun Habiba ya ga ja ne jawur, ya ce jini da sauransa, ya ɗauko roba. Sai ga Malama. Ba ta fizge ba, ba ta daka tsawa ba.

"Ɗana, jan nan da ka gani, nata ne ko na lalle?"

Mus'ab ya sake dubawa. Lallen suna ne, ya rufe tafi da farce.

"Ina ne lalle ba ya kaiwa?"

Ya janyo fatar idonta ta ƙasa, ya duba harshenta. Fari fat! Ya kama wuyan hannunta, ya ji zuciya na gudu ba ƙarfi. Da kansa ya mayar da robar inda ya ɗauko ta.

"Malama, in na zuba mata wannan da sauri, huhu zai cika."

"Madalla! Tayar da ita zaune, ka ruga a auna jininta."

Awo ya nuna jini take buƙata a ranar. Akwai irin nata a ajiya, amma sai wani ya bayar an mayar da gurbinsa. Nan Amadu ya ja da baya.

"Hajiya, an ce jinin da anka ɗiba ba shi dawowa. Wa za shi bi mini shanu?"

"Amadu, saniyar da kuka tatsa yau da safe, gobe ƙafewa take yi?"

"A'a."

"To ita ta fi ka jarumta ke nan?"

'Yan rakiya suka fashe da dariya. Amadu ya dubi matarsa, ya naɗe hannun riga. Aka sa wa Habiba jini a hankali, ɗigo bayan ɗigo, Malama na zaune kusa da ita, kunnenta na kan ƙirjinta. Kafin la'asar numfashi ya daidaita, Habiba ta nemi a miƙo mata jaririnta. Allahu Akbar!

Mun ga manyan malaman asibiti na da, waɗanda aka riƙa tasowa daga Tibiri domin allurarsu, kuma muna girmama su. Amma da yawansu sun tafi da saninsu a ka. Ke kuwa, Malama, ke ce kika raba naki tun kina tsaye da ƙafarki. Ke ce ba ki taɓa kunyata ɗalibi gaban majinyaci ba. Uwar masu jinya, sannu da aiki! Mus'ab yanzu shi ke riƙe da wani ɗakin shan magani a karkarar Kiéché, kuma an ce ko dattijon gari bai isa ya sa shi rataya ruwa ba sai ya duba ido da harshe.

Mun gode, Malama Maimunatu. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai albarka. Ku malamai masu tasowa, ku koyar yadda ɗan makiyayi zai gane. Ku kuma mazan Arewa, ranar da aka ce matarku ko 'yarku na neman jini, kada ku tsaya sai an kwatanta ku da saniya. Ku naɗe hannun riga.