Ajiyar Baffa a Rumbun Mama

Mahaifiyata ba ta buɗe ajiya. Ko ƙullin daddawa ka ba ta, yadda ka ɗaure shi haka za ka same shi. Shi ya sa duk rani, idan maƙwabcinmu Bafulatani, wanda muke kira Baffa, zai kora shanunsa kudu neman ciyawa, sai ya kawo buhunan kayansa ta zuba a tsohon rumbunmu, a ƙauyenmu kusa da Godogodo. Tun zamanin iyayensu ake haka.

A shekarar da nake magana zaman lafiya ya yi ƙaranci, kowa na kallon kowa da wutsiyar ido. Ina gida hutu daga makarantar da nake koyarwa a Kafanchan, sai iskar farkon damina ta yaye jinkar rumbun, gefe ɗaya ya rushe. Muna kwashe kaya, wani buhun Baffa ya yage, wani abu mai nauyi ya faɗo daga cikin tsumma. Ƙaramar bindiga ce, ta yi kore shar, bakinta faɗi kamar na kwalbar man shafawa.

Kafin mu rufe baki labari ya zaga gari. Samari suka cika tsakar gida, kowa ya zama masani. Wanda bai taɓa riƙe ko bindigar toka ba ya rantse irin wannan ce ke rusa gida da harbi ɗaya. Suka ce Baffa ya mai da rumbunmu ma'ajiyar makamai, a kai wa sojoji, a kuma faɗa masa kada ya sake dawowa rugarsa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san idan maganar ta fita a haka Baffa da iyalinsa sun bar ƙasar ke nan.

Mama ta zauna a kan turmi, ta ɗora bindigar a cinya.

"Ba wanda zai taɓa shi sai an ga fuskan shi," in ji ta. "Mutum ma ana wanke shi kafin a ce wane ne."

Ta aika a kira wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon saje da ya yi aiki a ɗakin makamai. Shi ya fara buɗe ta ta mahaɗinta na tsakiya, ya leƙa, ya tabbatar ba komai a ciki. Sannan Mama ta sa aka kawo lemun tsami da toka, ta shiga gogewa yadda take goge tasoshin bikinta. Samarin na ta guna-guni, ita ko a jikinta. A hankali koren ya tafi, tagulla ta fito tana ƙyalli, alamomi suka bayyana.

Saje ya sa tabarau ya bi su da farce. Ya nuna mana wata ƙaramar kibiya mai kama da sawun kaza, ya ce tambarin kayan sojan Ingila ne na da. Kusa da ita ga kambin sarauta, ga kuma shekarar ƙira, wadda ta girmi duk wanda ke tsaye a gidan, har shi kansa. Ya ɗaga bututun sama kowa ya leƙa: cikinsa sumul, ba zane irin wanda ke juya harsashi. Ba ta da abin saiti a kai, kuma harsashi ɗaya tal take ci. Zoben da ke gindinta, ya ce, na igiyar ratayawa ne.

"Wannan ba na kisa ba ne, yarana," ya ce. "Wuta yake harbawa sama, ja ko kore, don wanda ya ɓata ya ga inda 'yan'uwan shi suke. Harsashin shi ma an daina yi tun ban yi gemu ba."

Masanan namu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka Mama ta ce doka doka ce. Washegari ita da Saje suka hau mota zuwa Kafanchan, suka miƙa bindigar ga 'yan sanda, Saje ya sake yi musu bayanin alamomin tun daga farko.

Da Baffa ya dawo, Mama ba ta jira ya ji a bakin wani ba. Ta taka har ruga ta faɗa masa komai, har abin da samari suka ce. Baffa ya ce bindigar ta kakansa ce, wanda aka ɗauka dako a yaƙin Turawa, kuma ita kaɗai ta rage musu daga gare shi. Bai yi faɗa ba, amma na ga abin ya yi masa ciwo.

Rani ya zagayo, muka zuba ido ko zai kawo ajiya. Ya kawo, da rana tsaka, mutane na zaune a ƙofar gida. Sai dai duk buhunan bakinsu a buɗe yake.

"Inna, ga su nan," ya ce. "Duk mai son dubawa ya duba."

Mama ba ta kalli cikin ko ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko igiyar rama, ta durƙusa a gaban jama'a da gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗaure bakin kowane buhu tamau. Sannan ta ce in kama mata mu shigar da su.